Darasin Turanci da Sadarwa a Shekarar Farko ta Jami'a

A wannan fitowa za mu duba wani darasi da duk wadda ta samu gurbi a jami'a a Nijeriya sai ta ci karo da shi tun shekararta ta farko, ko likitanci ta je karantawa, ko lissafi, ko Larabci, kai ko da Hausa ce: wato darasin Turanci da sadarwa. Na zaɓe shi ne saboda 'yan matanmu da ke shirin shiga, da kuma matan aure da suka koma karatu bayan sun daɗe da ajiye biro, waɗanda da yawansu ba abin da ke faɗar musu da gaba kamar shi.

Wane irin darasi ne?

A sabon tsarin karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022, sunansa GST 111, Communication in English, kuma nauyinsa yunit 2 ne. Kafin nan kowace jami'a da irin lambar da take ba shi, wasu ma har yanzu da tsohon sunan ɗalibai ke kiransa, Use of English. Abin da ke ciki ya haɗa da sautukan Turanci, rukunan kalmomi, ginin jimla, dabarun karatu da sauraro, rubuta insha'i da wasiƙa da rahoto, taƙaita bayani, da kuma tsayuwa gaban jama'a a yi magana.

Ɗalibai sukan raina shi. Wata za ta ce ai ta samu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, ta kuma amsa tambayoyi 60 na Turanci a jarrabawar JAMB, me kuma ya rage? Sai ta bar shi sai daren jarrabawa. Wata kuma tsoronsa ne ya cika mata ciki har ta kasa buɗe littafin. Su biyun duk wuri ɗaya suke ƙarewa. Darasi ne na tilas, ba a ba mutum digiri sai ya ci shi. In kin faɗi, sifili ne zai shiga lissafin makinki na shekarar, kuma baɗi ki dawo ki zauna da sababbin ɗalibai, abin da suke ce wa keri-oba. Ga mai goyo da ke raba lokacinta tsakanin gida da makaranta, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Kuma ko an ci shi da ƙyar, raunin yana bin mutum, domin da Turancin za ki amsa sauran jarrabawoyinki, da shi kuma za ki rubuta kundin kammala digiri.

Abin da nake so ki riƙe shi ne: kurakuran da Bahaushiya ke yi a Turanci sanannu ne, ana iya ƙirga su, kuma kusan kowanne yana da tushe a cikin Hausar da ta tashi da ita. In kin san tushen, gyaran bai da wuya. Wadda kuma ta zauna ajin tajwidi da nahawu a Islamiyya tana riƙe da kayan gyaran a hannunta, sai dai ba wanda ya gaya mata cewa suna aiki a nan ma.

Sauti: a koma mafitar haruffa

Turanci na da haruffa 26, amma sautukansa 44 ne a karin Ingila da ake koyarwa: baƙaƙe 24, wasula 20. Nan matsalar ta faro. A Hausa yadda kika rubuta haka za ki karanta. A Turanci kuwa ki dubi "though", "through", "tough" da "cough": ƙarshensu iri ɗaya a rubuce, amma kowanne da furucinsa. Dalilin yana cikin tarihi. A 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, kalmomin Faransanci da salon rubutunsu suka kwarara cikin harshen. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a ƙasar, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, alhali furucin mutane yana ta sauyawa. Harafin k da ke farkon "knife" da "know", da can ana furta shi. Baki ya yar da shi, takarda ta riƙe. Saboda haka kada ki amince wa idonki a kan furucin kalmar da ba ki taɓa ji ba. Ki duba ƙamus, ko ki sa wayarki ta furta miki.

Yanzu mu zo kan wanda aka fi yi mana dariya a kai, wato p da f. Ki lura da kalmomin da muka aro: "pencil" ya zama fensir, "petrol" ya zama fetur, "pump" ya zama famfo, "passenger" ya zama fasinja. Dalili shi ne f ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin sa, yana tsakanin p da f na Turanci, shi ya sa a wasu garuruwan ma yake komawa h, ki ji ana cewa huɗu a nan, fuɗu a can. Kunnenmu bai saba raba su ba, sai "pan" da "fan" su zame mana abu ɗaya, haka "pull" da "full".

To ki tuna abin da malamar tajwidi ta ce game da harafin ف: cikin leɓen ƙasa ne ke haɗuwa da kan haƙoran gaba na sama. Wannan shi ne f na Turanci, ba ragi ba ƙari. Shi kuwa p, mafitarsa ɗaya da ب: leɓɓa biyu su rufe ruf, sannan su buɗe da ƙarfi, sai dai babu rawar maƙogwaro. Ki riƙe 'yar takarda a gaban bakinki ki ce "pan". In takardar ta yi tsalle, kin yi daidai. Sai v, wanda muke mayarwa b, kamar yadda "driver" ya zama direba, "television" ya zama talabijin. Shi ma mafitar ف ce, ki ƙara masa murya kawai. Ki ɗora yatsa a maƙogwaronki, za ki ji yana rawa a v, ba ya rawa a f.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne th. Mu a Arewa mukan ce "sink" a maimakon "think", mu ce "zis" a maimakon "this". 'Yan Kudu kuma "tink" da "dis" suke cewa, don haka kowa da nasa, kada wata ta sa ki jin kunya. Amma ki duba: sautin da ke farkon "think" shi ne ث, na farkon "this" kuma shi ne ذ. Irin musanyar da muke yi musu a Turanci ita muka yi musu a kalmomin da muka aro daga Larabci: ث ya koma s a Usman da hadisi, ذ ya koma z a zikiri da izini. Duk yarinyar da aka tsare a aji har ta iya fito da kan harshenta ya taɓa gefen haƙoran sama, ta riga ta mallaki sautuka biyu da miliyoyin masu koyon Turanci a duniya ke fama da su. Na sha ganin ɗaliba mai kyakkyawan karatu tana ba waɗannan haruffa haƙƙinsu da yamma, da safe kuma a makarantar boko ta ce "sank you". Da zarar an nuna mata cewa abu ɗaya ne, a ranar take gyarawa.

Akwai kuma cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa muke cusa wasali a tsakani: "bread" ya zama burodi, "glass" ya zama gilashi, "primary" ya zama firamare. A Hausa waɗannan kalmomi daidai suke, namu ne yanzu. Amma in Turanci kike yi, "school" gaɓa ɗaya ce, "street" ma haka. Dabarar ita ce ki ɗauki baƙin farko kamar mai sukun, ki wuce kansa ba tare da kin ba shi wasali ba.

Wasula sun fi wuya, gaskiya. Namu 5 ne, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye irin su ai da au. Wannan tsawo da gajarta yana taimakon mu: wadda ta san bambancin gari na mutane da gari na tuwo ba za ta sha wahalar raba "ship" da "sheep" ba. Amma "cat", "cart" da "cut" wasula uku ne daban, mu kuwa a ɗaya muke ji. Wannan sai da yawan sauraro. Haka kuma Hausa karin sauti take bi, hawa da saukar murya ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Turanci kuwa nauyin gaɓa yake bi. "Record" in kin danna gaɓar farko suna ne, in kin danna ta biyu aikatau ne. Haka "present" da "import". Masu jarrabawa na son wannan tambaya ƙwarai.

Jimla: inda Hausa ke leƙowa

A nan ma mun yi sa'a ta wani ɓangare. Larabci yakan fara da fi'ili, sannan fa'ili, sannan maf'uli. Hausa da Turanci kuwa tsarinsu ɗaya: mai aiki, aiki, sannan wanda aikin ya faɗa wa. Wadda ta iya nuna fa'ili da maf'uli a jimla ba za a ruɗa ta da "subject" da "object" ba, suna ne kawai ya sauya.

Inda aka rabu shi ne lokaci. A Hausa ɗan wakilin sunan da ke gaban aikatau ne ke ɗauke da lokaci: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Kalmar tafi tana nan yadda take. A Turanci aikatau ɗin ne da kansa ke sauya kama: "go", "went", "gone". Masu bin ƙa'ida ana ƙara musu ed a wuce wurin, amma akwai kusan 200 da ba sa bin ƙa'ida, kuma su ne aka fi amfani da su kullum. Ba su da wata dabara sai hadda. Mu kuwa hadda ba baƙuwarmu ba ce. Ki ɗauki biyar kowace rana ki rera su kamar yadda ake rera tasrifi, kafin zango ya ƙare kin gama da su.

Wannan ɗan wakilin suna yana jawo wani kuskuren. Ba ma cewa "Binta tafi", dole sai "Binta ta tafi". Sai ɗaliba ta ɗauko wannan ta ɗin ta kai Turanci, ta rubuta "Binta she went". Turanci ba ya buƙatarta, sunan ya wadatar. Haka nan komai a Hausa ko namiji ne ko mace, mota ta lalace, gida ya rushe, amma a Turanci duk "it" ne. Sai ƙaramin s ɗin nan na "she goes" da "he writes", wanda ba shi da takwara a Hausa ko kaɗan, shi ya sa yake zame mana. In kin gama rubutu ki sake bi layi-layi don shi kaɗai.

Sai kalmomin da ba a jam'inta su. Muna cewa shawarwari, bayanai, kayayyaki, don haka hannu yakan tafi da kansa ya rubuta "advices", "informations", "equipments", "furnitures". Duka huɗun kuskure ne a jarrabawa, ba a sa musu s.

Wani wurin kuma kalma ɗaya ce a Hausa ta rabu gida-gida a Turanci. Aro: mai bayarwa da mai karɓa duk aro suke yi a wurinmu, amma a can mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend". Don haka ara mini biro shi ne "lend me a pen". Ji ya fi kowanne yawan 'ya'ya: muna jin magana, mu ji wari, mu ji ɗanɗano, mu ji sanyi, mu ji Larabci. Turanci na da kalma daban ga kowanne, "hear" na kunne ne kawai. Muna shan magani ko da ƙwaya ce, su kuwa "take" suke cewa.

Ga wanda ya fi haɗari, domin yana juya ma'ana gaba ɗaya. In aka tambaye ki, "Ba ki biya kuɗin makaranta ba?" sai ki ce, "E, ban biya ba." Kin gaskata mai tambaya ke nan. A Turanci amsa tana bin abin da ya faru ne: in ba ki biya ba "No" za ki ce, in kin biya ki ce "Yes", ko ta wace fuska aka yi tambayar. Ki yi tunanin wannan a gaban likita ko a ofishin jarrabawa, za ki ga ba wasa ba ne.

Kada wannan ya sa ki ɗauka duk Turancin Nijeriya shara ne. A 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya, ciki har da "okada" da "Kannywood". In kin ce wa mai aiki "well done" da nufin sannu da aiki, ko kika ce "I am coming" alhali fita za ki yi, irin ina zuwa ɗinmu, duk ɗan ƙasar nan ya gane ki. Sai dai kowane zance da muhallinsa. Yadda ba za ki rubuta wa hukuma takarda da Hausar zaure ba, haka takardar jarrabawa take son daidaitaccen Turanci.

Sadarwa

Rabin darasin na biyu ya fi sauƙi, don abin da muke yi ne kullum aka ba shi sunaye. Za a zana miki hoto a allo: mai aikawa, saƙo, hanya, mai karɓa, da martani. Asalin zanen daga aikin Claude Shannon ne, wani injiniya a Amurka, a 1948, shi kuwa wayar tarho da telegiram yake nazari, daga baya aka ƙara masa martani aka ɗora shi a kan maganar mutane. Ki ɗauka kin aiki yaro gidan surukarki ya ce ba za ki samu zuwa suna ba saboda jarrabawa. Ke ce mai aikawa, yaron ne hanya. Ya tsaya kallon ƙwallo, ya isa ya ce kin ce ba za ki zo ba. Rabin da ya zubar a hanya shi ake kira "noise", wato duk abin da ya shiga tsakani ya ɓata saƙo, ko ƙarar janareto ce, ko kalmar da mai sauraro bai sani ba, ko fushin da ya hana shi saurare. Fuskar da za ki tarar ranar da kika je gaisuwa, ita ce martani.

Za a koya miki dabarun karatu, musamman wadda ake kira SQ3R ta Francis Robinson: ki fara leƙa babin gaba ɗaya, ki yi wa kanki tambayoyi, ki karanta, ki rufe littafin ki faɗa da bakinki, sannan ki yi bita. Matakai biyun ƙarshe ai tilawa ce da muraja'a. A lakca kuma kada ki ce sai kin rubuta duk abin da malami ya faɗa, ba za ki cim masa ba. Kanun magana da misali ɗaya-ɗaya sun isa, ki cike sauran a daren ranar tun abin bai huce ba.

Wurin da na ga mata sun fi zubar da maki a banza shi ne gabatar da aiki a gaban aji. An tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai da sassauta murya a gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma malamin da ke bayan aji da takardar maki ba zai ba ki makin abin da bai ji ba. Kamun kai bai hana a ji muryarki ba. Ki tsaya cak, ki ɗaga kai daga takarda lokaci-lokaci, ki yi magana a hankali yadda ta layin ƙarshe za ta ji. Jimla gajera da kika fahimta ta fi doguwa da kika haddace, don in kalma ɗaya ta kuɓuce miki a doguwar, shi ke nan an tsaya. Ki gwada a gida tukuna, ko a gaban yaranki ne. Za su yi dariya, ba komai.

Wasiƙar hukuma

Wannan ki koye shi da kyau, don zai yi miki aiki tun kafin ki gama makaranta. Mace na iya haihuwa ana tsakiyar zango, ko jinya ta kama ta, ta buƙaci a ɗage mata karatu. In ba ta rubuta a kan lokaci ba, ko ta rubuta abin da ba a gane buƙatarta ba, za a iya ɗaukar ta a wadda ta ƙi zuwa jarrabawa, alhali tana da uzuri karɓaɓɓe.

Wasiƙarmu ta Hausa takan fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri da tambayar iyali. A wasiƙar hukuma ta Turanci babu wannan ko layi ɗaya, kuma rashinsa ba rashin ladabi ba ne a wurinsu. Adireshinki da kwanan wata a sama, sai muƙami da adireshin wanda kike rubuta wa, sai "Dear Sir" ko "Dear Madam", sai kan magana a layi guda. Jimlar farko ta faɗi abin da ya kawo ki: "I write to request the deferment of my first semester." Sakin layi na biyu ya kawo dalili da takardar shaidar da kika haɗa, misali ta asibiti. Ki sa lambar rajistarki da sashenki. In da "Dear Sir" kika buɗe, da "Yours faithfully" za ki rufe. In kin ambaci sunan mutum a gaisuwar, sai "Yours sincerely". Kalmar "Yours" ba ta da ɗan waƙafin sama, kuma kalma ta biyu da ƙaramin harafi take farawa. Sa hannu, sannan cikakken suna a ƙasa. A jami'a irin wannan takarda takan bi ta hannun shugaban sashe kafin ta wuce gaba, don haka ki tambayi ofishin sashenku tsarin da suke bi. Ki yi hoton takardar, a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki, ki adana.

Abu na ƙarshe da darasin ke taɓawa shi ne haƙƙin mallakar rubutu. Kwafo aikin wani daga littafi ko intanet ki miƙa da sunanki laifi ne da ake hukunci a kai, kuma jami'o'i da dama na da manhajar da ke gano shi. Haka sa ChatGPT ya rubuta miki aikin gida: ranar jarrabawa ba ya shiga ɗakin tare da ke. In kin ɗauko maganar wani, ki faɗi mai ita, kamar dai yadda aka koya mana jingina kowace magana ga wanda ya faɗe ta.

Ga aikin da za ki yi kafin fitowa ta gaba. Ki samu 'yar uwa ɗaya ku zauna, ke ki riƙa faɗin ɗaya daga cikin "pan" da "fan", "best" da "vest", "sink" da "think", "breeze" da "breathe", ita kuma ta rubuta wanda ta ji, sannan ku yi musanya. Bayan haka ki rubuta wasiƙar neman ɗage zango wadda ba ta wuce layi 10 ba, ki bi ta da jan biro kina neman s ɗin da ya zame da "she" ɗin da ta yi yawa. A fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki taƙaita dogon bayani da ginin sakin layi.